Ranar da Badaru Ya Nuna Kabarinsa

A Karantina, tsohuwar unguwar baƙi a Jidda, tun kafin a rushe ta, akwai wata al'ada da ba a koya wa kowa da baki, tashi ake yi a tarar da ita. Idan baƙo ya shigo unguwa ya tambayi mutum da sunansa na yanka, amsa ɗaya ce: ya rasu. Ba a cewa ya yi tafiya, don wanda ya yi tafiya ana iya zama jiransa. Ba a cewa ba a san shi ba, don wannan ƙarya ce mai saurin tonuwa. Mamaci ne kaɗai jawazat, wato jami'an shige da fice, ba sa jefawa a bayan mota. Akwai dattijon da ya rasu sau shida a bakin maƙwabtansa, kuma har yau yana nan yana sayar da turare a ƙofar masallaci. An ma taɓa tafka ɓarna. Wani bawan Allah ya taso tun daga Sakkwato neman ƙaninsa, aka yi masa ta'aziyya a ƙofar ɗakin ƙanin, ya koma gida aka raba gonar mutum yana raye. Duk da haka ba a daina ba. Da aka rushe unguwar jama'a suka watse, kowa ya tafi da katifarsa da tukunyarsa da wannan al'ada.

Badaru yana cikin waɗanda suka gangara unguwar Kurayyat. Ya zo aikin hajji yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, yanzu yana da sittin da takwas, kuma a tsakani bai taɓa riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, ba, bai taɓa samun kafilin da zai tsaya masa ba. Sunan Badaru ma ya daɗe da ninke shi ya ajiye, Abu Hafsa kowa ke ce masa. Aikinsa gadin wani sito da ake jibge tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki. Yana wuni a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ƙafarsa ta hagu a kan gwangwanin fenti, don ƙafar ba ta son a bar ta a ƙasa. Abu biyu suka rage masa a duniya. Yana so ya mutu a Jidda a binne shi a maƙabartar da matarsa Mariyamu take kwance, kuma ba ya so a kwashi 'yarsa Hafsa, wadda aka haifa a Karantina ba tare da ko fallen takarda ba, a zube ta a ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

Ranar wata Talata da hantsi Salihu mai wankin motoci, tsohon maƙwabcinsa, ya iso da bokiti a hannu, ya tsuguna kusa da kujerar kamar mai gyara takalmi.

"Abu Hafsa, ana neman Badaru."

Badaru bai juyo ba. Ya ci gaba da kallon titi. "Wane Badaru?"

"Na tashar jirgin ruwa. Mai ƙafa. Bature ne tsoho, da wata mace mai kati a wuya, da wani ƙato mai kyamara. Motarsu baƙar gilashi gare ta. Tun jiya suke yawo, mutum huɗu sun riga sun binne ka."

"To sai me? Su tafi mana."

"Ba su tafi ba. Baturen cewa ya yi a nuna masa wanda ya san marigayin. Mai shayin nan na kwana, Allah ya shirye shi, ya ce ai Abu Hafsa ya fi kowa daɗewa a tashar jirgi." Salihu ya ɗauki bokitinsa. "Ni ka ga tafiyata. Amma ka sallame su, don Allah. Yau kwana biyu mata ba su kasa kaya a layin nan ba saboda kyamarar nan."

Badaru ya yi tunanin shigewa cikin sito ya ja ƙofa, amma mai gudu shi ake bi. Sai ya sauke ƙafar daga kan gwangwani, ya ja riga ya rufe ta, ya saka baƙin tabaran da yake sawa tun da ido ya fara ba shi wahala, ya naɗe rawani har haɓa. Ya ƙudurta a ransa cewa ko sito zai kama da wuta ba zai miƙe tsaye a gabansu ba.

Ba a jima ba motar ta tsaya. Macen ce ta fara fitowa, ba ta wuce shekara talatin da biyar ba, baƙa ce kamar Hafsa amma abayarta ta masu albashi ce.

"Salamu alaikum, ya ammi. Sunana Rana. Ina jin Hausa shwayya, kaɗan-kaɗan, kakata Bahaushiyar Sudan ce." Hausar tana fita da ƙyar, Larabci na tura ta daga baya. "Wannan baƙo daga Amurka ya zo, sunansa Lonnie Tackett. Ɗan wasan barkwanci ne, babba sosai a can. Ana yin fim a kan rayuwarsa. Yana neman wani abokinsa, Badaru."

Badaru ya dubi baturen ta cikin tabarau. Tsoho ne mai sanda, gashi ya zube, wuya ya saki. Amma kunnuwan nan biyu da suka fito gefe kamar hannun kofi, shekara arba'in da uku ba ta taɓa su ba. Loni ne. Loni na tashar jirgi, mai tuƙa motar ɗaga kaya kamar wanda aka aiko ya rushe duniya.

Wani zai ce ai shi ke nan, tunda ya gane shi sai hankali ya kwanta. Mai faɗin haka takardarsa na aljihunsa. A wurin Badaru ganin Loni ya ƙara dagula lissafi ne. Wa ya kawo shi? Wa ya nuna masa hanyar Kurayyat? Mutum ya yi shiru shekara arba'in da uku sannan ya tashi nemanka da kyamara, ba da kwalbar turare ba?

"Wa ya ba ku izinin ɗaukar hoto a nan?" ya tambaya.

Rana ta yi murmushi, ta zaro wata takarda daga jaka ta miƙa masa. "Kada ka damu, ya ammi, komai nizami ne, bisa doka. Ga tasrihi daga hukuma, da hatimi da komai."

Ta yi ne don ta kwantar masa da hankali, baiwar Allah. Badaru ya ga tambarin hukuma a saman takardar. Bai taɓa ta ba.

"Ki ce wa wancan ya juya bakin abin nan ƙasa."

Ta yi magana, mai kyamarar ya sauke ta daga kafaɗa, amma Badaru ya lura wata 'yar jar fitila tana nan a kunne. Ya nuna ta da haɓa. Sai da ta mutu sannan ya yi magana.

"Badaru ya rasu."

Rana ta fassara. Baturen ya gyaɗa kai a hankali, alamar ba yau ya fara ji ba. Ya yi tambaya, ta juyo da ita.

"Yana cewa yaushe?"

"Shekara bakwai." Shekarun rasuwar Mariyamu ne suka zo bakinsa.

"Yana cewa ya sha wahala?"

"Kamar kowa."

Loni ya jingina da sandarsa yana kallon tsohon mai gadin, kallon da Badaru bai so ba ko kaɗan. Sannan ya yi wata doguwar magana.

"Yana roƙon a nuna masa kabarin," in ji Rana. "Ya ce ba zai bar Jidda ba sai ya tsaya a kansa. In kai ba za ka iya ba, za mu ci gaba da tambaya a unguwa har mu sami wanda ya sani."

Badaru ya hango layin, ya ga wuraren da mata ke kasa gyaɗa da yaji duk wayam. Idan waɗannan mutane suka ƙara kwana biyu suna shawagi, wata motar za ta biyo bayansu, kuma ita ba tambaya za ta yi ba.

"Ku zo gobe da safe," ya ce. "Zan nuna masa daga cikin mota. Ban da kyamara a kaina. Daga nan halas, kada in sake ganinku a layin nan."

Bayan sallar magariba Hafsa ta dawo daga gidan da take aiki, ta tarar da labari ya riga ta isowa. Ta ajiye masa kwanon shinkafa, ta zauna a bakin katifa da wayarta. Hafsa shekararta talatin da takwas, ba ta yi makaranta ba sai ta allo, amma Larabcin waya ba ya gagarar ta.

"Baba, na same shi. Wallahi mashhuri ne."

Ta karanto masa. An haifi mutumin a wani ƙaramin gari mai masana'antar ƙarfe, ubansa direban bas. Ya bar makaranta, ya zo Jidda yana ɗan shekara ashirin da uku wani kamfanin dakon kaya ya ɗauke shi, ya koma gida bayan shekara ɗaya da rabi. Ya yi shekara takwas yana wanke kwanuka da rana, da yamma ya hau dandali a gidajen shaƙatawa yana ba da labaran da ba mai dariya. Rannan sai ya fito da wata irin tafiya, ɗakin ya kece da dariya tun bai buɗe baki ba. Daga nan aka ba shi wasan talabijin, ya fito a ɗan dakon otal shekara goma sha ɗaya. Fina-finai tara, aure uku, giya ta kusa kashe shi, ya daina, aka ba shi lambar yabo. Duk sanda 'yan jarida suka tambaye shi inda ya samo tafiyar, sai ya ce wurin wani kawunsa ne.

"Wace tafiya?" in ji Badaru.

Hafsa ta riga ta gani. Ta miƙa masa wayar ba tare da ta dube shi ba.

Ga Loni da ƙuruciyarsa cikin jar riga mai maɓallan zinariya, ya tunkari akwatin wata mata. Ya sauke kafaɗar dama. Ya ja ƙafar hagu a ƙasa, ta zagayo kamar mai shara. Kafin ya sunkuya sai ya mari cinyarsa sau biyu, ya ce "Yalla." Sai dariya ta ɓarke, ta ɗaruruwan mutane, har da masu tafi.

Badaru bai taɓa ganin tafiyarsa ba. Mutum ba ya ganin bayansa. Amma ya gane ta nan take, kuma ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana yaro, sai fushi ya biyo bayanta. Ya tura kwanon shinkafar gefe.

Ya tuna ranar sarai. Zafin azahar a tashar jirgi, su shida suna jiran a sauke buhunan siminti. Loni yana kan motar ɗaga kaya yana kwaikwayon maganar shugaban leburori don ya ba su dariya, hannu ɗaya a sitiyari. Suna cikin dariyar ne katakon da aka jibga buhunan a kai ya zame, ya sauka a ƙafar Badaru. Abokai suka ɗauke shi a buhu suka fitar da shi ta ƙofar baya, don asibiti sai da takarda, rahoto kuma sai da ɗan sanda. Wani maɗori a Karantina ya ɗaure ƙafar da karare, ta warke yadda ta ga dama. Loni ya yi ta zuwa ɗakinsa da lemo da gwangwanin madara, ya zauna a tabarma yana kuka yana cewa Badaru mutumin kirki ne da bai kai ƙararsa ba. Da Badaru ya fara takawa, Loni ne ke bin bayansa a lungu wai kada ya faɗi. Ashe karatu yake ɗauka.

"Baba," in ji Hafsa a hankali, "mutum irin wannan, kalma ɗaya zai yi a samo mana kafili. Ko ni kaɗai. In sami iƙama, in shiga asibiti ta ƙofar gaba, in hau bas ban duba wa ke bakin hanya ba."

"Kin manta Usuman tela? Shi ma wani mai kirki ne ya ce ya fito a gyara masa takarda. Yana ina yanzu?"

"An yi masa tarhil. Na sani." Tarhil shi ne a tusa ƙeyar mutum zuwa ƙasar da aka ce tasa ce. "Amma wannan ai ba shi da alaƙa da hukuma."

"Da hatiminsu ya zo. Na gani da idona. Kuma me yake so? Ya gama cin abinci da ƙafata, yanzu yana so ya nuna wa duniya mai ƙafar, a ƙara dariya. Daga ranar da fuskata ta fita a fim ɗin nan, ni da ke mun zama na jirgi."

Hafsa ta ɗauki kwanon ta rufe. Shirun nata ya fi masa ciwo a kan a ce ta yi masa gardama, don ya san ba ta taɓa roƙonsa wani abu ba sai yau.

Da safe ya sa Salihu ya tsaya kusa, suka yi dabara. Motar na tsayawa Salihu ya buɗe ƙofar baya ya kare shi da jikinsa, Badaru ya zame daga kujera zuwa cikin mota da taku ɗaya. Suka kama hanya. Loni na gefensa, sanda tsakanin gwiwoyi, yana warin maganin shafawa. Badaru ya manne da ƙofa yana karanta kowace kwana. Da direban ya saki babban titi ya yanki wani, ya ce a ransa shi ke nan, ofishin jawazat za a kai shi. Da suka wuce wata motar 'yan sanda a tsaye ya daina numfashi har sai da ta ɓace a madubi. Ba abin da ya faru, kuma rashin faruwar komai bai sa ya yarda da su ba.

Abin da bai shirya masa ba shi ne aikin hanya. An haƙe titin da ke wucewa ta ƙofar maƙabartar, an gitta shinge. Direban ya tsaya ya ce daga nan sai da ƙafa. Ga bangon maƙabartar can, taku ɗari biyu ko fiye.

"Ku je, ga ƙofar can," in ji Badaru. "Ku leƙa ta hannun dama."

Rana ta fassara, Loni ya girgiza kai. "Ya ce kaburburan nan ba suna, ya ammi, duwatsu ne kawai. In ba ka nuna da hannunka ba, bai san inda zai duba ba. Kuma ni mace ce, shi ba Musulmi ba, daga ƙofa za mu tsaya."

Ba yadda zai yi. Ya fito, ya ce su wuce gaba. Loni ya ce shi tsoho ne mai ciwon ƙugu, a hankali yake tafiya, mai nuna hanya ya shige gaba. Badaru ya cije leɓe, ya daidaita kafaɗunsa, ya ɗaga ƙafar hagu sama ya dire ta kamar ta kowa. Taku goma na farko ya yi su da kyau. A na talatin gumi ya jiƙa masa rawani. A na sittin ƙafar ta fara abin da ta saba, ta yi sanyi tun daga gwiwa, ta daina jin ƙasa. Ya kai wurin da aka tara ƙasar haƙa, dole a ɗaga ƙafa a tsallake wani bututu. Ƙafar ta ƙi tashi. Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga shi, ya mari cinyar sau biyu.

Ƙarar sandar da ke bayansa ta tsaya.

Badaru bai waiwaya ba. Ya tsallake bututun, kafaɗar dama ta sauka da kanta, ƙafar ta zagayo tana share ƙasa. Ya san an gama. Ya jira ya ji an kira sunansa, ya jira ya ji takun mai kyamara. Abin da ya ji shi ne muryar Loni, gajeriyar magana mai kaifi. Da ya saci kallo sai ya ga ƙaton ya juya ya nufi mota da kyamararsa a rataye tana kallon ƙasa.

Su uku suka isa ƙofar. Ta tsakanin ƙarafunan ana ganin fili fetal, jar ƙasa da ƙananan duwatsu a jere. Badaru ya ɗaga hannu ya nuna wajen bangon gabas, inda Mariyamu take, ya ɗan matsar da yatsa gefenta.

"Can."

Loni bai dubi inda aka nuna ba sai daga baya. Ya cire hularsa, ya kama ƙarfen ƙofar, ya fara magana yana fuskantar kaburburan. Rana tana fassarawa a hankali, Hausarta na tuntuɓe.

"Yana cewa, Badaru, ni na karya maka ƙafa, ina wasa a kan aiki. Ka rufa mini asiri, na koma gida na sayar da tafiyarka. Da ita na sayi gida, da ita na yi suna. An tambaye ni sau dubu, na ce ta kawuna ce, alhali ba ni da kawu. Na zo ne in faɗa a gaban kyamara cewa taka ce, in sa sunanka. Yanzu na ga ba sunan kake bukata ba. Ka yafe mini in za ka iya."

Badaru ya dubi Rana. Idan tarko ne, nan ne bakinsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce da muryar da ba ta fassara ba: "Ya ammi, kakata a Karantina ta zauna. Sau biyu ta rasu kafin ta rasu. Ban gaya masa komai ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba. Amma duk abin da aka ɗauka sai an duba shi a ofis kafin ya fita. Gara da ka sa aka kashe."

Wato dai tsoronsa bai zama na banza ba. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai, ya kuma ba shi ƙarfin magana.

"Ki gaya masa na san marigayin sosai. Ki ce ba kirki ne ya hana shi kai ƙara ba, tsoro ne. Kada ya ɗora masa waliccin da ba shi da shi."

Ta faɗa. Loni ya runtse ido.

"Ki kuma gaya masa ba daidai yake yi ba. Marin cinyar nan da ake wa tafi, marigayin ba don ado yake yi ba. Ƙafar ce ke mutuwa, sai ya tashe ta."

Wannan karon Rana ta daɗe kafin ta fassara. Da ta gama, tsohon baturen ya jingina goshinsa da ƙarfen ƙofar, kafaɗunsa na girgiza. Shekara talatin da ɗoriya yana marin cinya a gaban jama'a bai san abin da yake nufi ba. Badaru ya tsaya yana kallonsa, ya nemi fushin jiya ya tarar ya ragu. Tausayi ne ya kama shi, abin har ya ba shi haushi.

"Batun yafiya kuwa," ya ce, "na ji daga bakinsa. Ya yafe."

Loni ya share fuska da hularsa. Ya yi tambaya, wannan karon idonsa cikin tabaran Badaru.

"Yana cewa marigayin ya bar iyali? Ɗa ko 'ya? Ya ce yana da lauyoyi, ya san manya a nan. Suna kawai yake so, da inda suke."

Suna da inda suke. Badaru ya ga Hafsa a bakin katifa da kwano a hannu. Ya yarda Loni da zuciya ɗaya yake faɗa. Amma lauya takarda zai rubuta, takarda ofis za ta je, a ofis kuwa wani zai tambaya ina wannan mata take shekara talatin da takwas, wa ya haife ta, shi kuma ina tasa takardar. Zai yiwu a gyara. Zai yiwu kuma a yi musu abin da aka yi wa Usuman tela, kuma a ranar Loni yana Amurka. Bai san wanne ne zai faru ba, kuma bai taɓa saka 'yarsa a abin da bai san ƙarshensa ba.

"Bai bar kowa ba," ya ce.

Maganar ta ƙona masa baki. Ya binne kansa jiya bai ji komai ba, yau da ya haɗa da Hafsa sai da ya kawar da kai daga bangon gabas.

Loni ya daɗe yana dubansa. Sannan ya gyara tsayuwa, ya faɗi abin da ya sa Rana ta koya masa a otal don ya faɗa a kan kabari, da Hausarsa mai karkata:

"Allah ya jiƙan Badaru."

Ba a barin irin wannan addu'a a rataye. Rana ta bar wa Badaru amsar.

"Amin," in ji Badaru.

Suka ce ya zo su mayar da shi, ya ce a'a, yana da wadda zai gaisar a ciki. Ya tura ƙaramar ƙofar ya shiga inda ba za su iya binsa ba. Yanzu ba abin ɓoyewa, sai ya saki jikinsa, kafaɗa ta sauka, ƙafa ta ja ƙasa. A tsakiyar fili ta sake mutuwa, ya tsaya ya mare ta sau biyu. Ya san Loni na nan riƙe da ƙarfen ƙofa yana kallon bayansa, kuma ba wanda ya yi dariya. Ya ci gaba zuwa bangon gabas yana neman kalmomin da zai fara gaya wa Mariyamu, don ya san na Hafsa sun fi wuya, kuma tana gida tana jira.